Hannu da Lada: Tarihin Tausa, Gashi da Ɗori a Kudancin Ƙasar Kano

Tausa, a ma'anarta ta asali, ita ce danna tsoka da gaɓoɓin mutum da tafin hannu ko da yatsu, a hankali kuma bi da bi, domin a sauke masa gajiya ko a rage masa zogi, kuma daga nan ne aka ari kalmar zuwa fagen zaman tare, inda akan ce an tausa mutum idan an lallashe shi har fushinsa ya kwanta. Kalmar tana da 'yan'uwa da ya kamata a bambance su tun da farko: matsa ta fi tausa ƙarfi, murza ita ce bin jijiya da babban yatsa bayan an shafa mai, gashi shi ne dafa wurin ciwo da tsumma ko ganyen da aka tsoma a ruwan zafi, ɗori kuwa shi ne mayar da ƙashin da ya karye ko ya goce mazauninsa a ɗaure shi har ya haɗe. A ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, tausa ba ta kasance sana'a mai zaman kanta da sarkinta da rumfarta a kasuwa irin ƙira ko jima ko rini ba. Aiki ne da ya rarrabu a hannun mutane daban-daban, kowa da iyakar da al'ada ta shata masa, kuma tarihinsa shi ne tarihin yadda jama'a suke gane wanda ya iya da yadda suke biyan sa.

Ƙasar da aikin da ke cin jiki

Buƙatar irin wannan aiki ta samo asali ne daga yadda mutanen yankin suke neman abinci. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano, wanda matafiyin nan ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa a 1826 ya same shi babban gari mai kasuwa, kuma yana cikin mazaunan Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Tafiyar Gwanja takan ci watanni a ƙafa, ana kora jakuna, 'yan ɗaukar kaya na biye da ɗaure a ka, don haka kumburin sawu da ciwon wuya da na kwankwaso abokan tafiya ne da ake jiyyarsu a zango da ruwan zafi da mai, ɗan ayari yana matsa wa ɗan'uwansa kafin gari ya waye a sake ɗaura kaya. Can kudu kuma, Tudun Wadan Ɗankadai da garuruwan da ke gefen dajin da yau ake kira Falgore sun kasance bakin iyaka a ƙarni na 19, suna fama da hare-haren Ningawa, abin da ya sa faɗuwa daga kan doki da karaya suka zama sanannun raunuka. A Riruwai ta ƙasar Doguwa an daɗe ana haƙar kuza ana narka ta tun kafin zuwan Turawa, kuma aikin rami da ɗaukar ƙasa a ka ba ya barin baya lafiya. A kan duk waɗannan akwai noma, wanda ya game kowa, domin wanda ya yini a duƙe da fartanya tun daga shuka har zuwa maimai ya san inda jikinsa ke kuka idan dare ya yi.

Hannayen da suka raba aikin

Matakin farko na tausa yana cikin gida, kuma ba a biyan ko anini a kansa. Mace takan matsa wa mijinta jiki bayan ya dawo daga gona, jika yakan tausa wa kakarsa ƙafafu, almajiri yakan yi wa malaminsa, sannan akwai al'adar sa ƙaramin yaro ya hau bayan babba yana tattakawa a hankali, saboda nauyinsa daidai yake da abin da baya zai ɗauka. Ladan wannan shi ne albarka, kuma a idon jama'a yana cikin ladabi da biyayya, shi ya sa har yau dattawan karkara da yawa suke ganin abin mamaki ne mutum ya biya baƙo kuɗi domin ya sauke masa gajiya kawai.

Mataki na biyu na ungozoma ne, wato dattijuwar da ke yanke cibiya ta kuma kula da mai jego da jaririnta. Bayan haihuwa takan dafa ruwa a babbar tukunya har ya tafasa, ta tsoma damin ganye irin na darbejiya ko tsamiya, ta riƙa fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi tana dannawa, safe da yamma a kwanakin farko, kuma wannan wankan jego yakan kai kwana 40 ko fiye. Jariri kuma takan ɗora shi a kan ƙafafunta da ta miƙe, ta gasa masa cibiya da tsumma mai ɗumi, ta shafe shi da man shanu ko man kaɗanya, ta miƙar da hannuwansa ta harɗe su a ƙirji, ta lanƙwasa ƙafafunsa ta sake, ta mulmula masa kai da tafukanta biyu, bisa imanin cewa haka ne ke sa gaɓoɓi su yi ƙwari kai kuma ya daidaita. Wannan al'ada ta jawo hankalin likitoci a shekarun 1970, lokacin da Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka wallafa bincikensu a 1978, inda suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kunun kanwa. Binciken ya shafi matan ƙasar Zazzau da kewaye, maƙwabtan Ƙiru da Tudun Wada, waɗanda al'adarsu ta jego ɗaya ce.

Na uku shi ne wanzami, mai yawo da zabira, wato jakar fata mai aljihuna da yake zuba asake da ƙahoni a ciki. Ban da aski da kaciya da cire beli, shi ake kira idan jiki ya yi nauyi ko wani wuri ya riƙe, sai ya murza wurin, ya kafa ƙahon saniya da aka huda tsininsa, ya zuƙe iskar da baki ya toshe kafar, bayan fata ta taso ya cire ya tsattsaga da aska, ya mayar da ƙahon domin ya ja abin da ake kira mataccen jini. Wanzamai suna da shugabanci tsayayye ƙarƙashin Sarkin Aska, wanda ke sasanta rikici tsakaninsu, ya kuma tsawata wa wanda ya yi ganganci.

Na huɗu, wanda aikinsa ya fi kowanne hatsari, shi ne maɗori. Idan an kawo masa wanda ya yi targaɗe, wato jijiyar gaɓa ta gurɗe ba tare da ƙashi ya karye ba, yakan shafa mai ya bi wurin da yatsa har ya gano inda ciwon yake, sannan ya ja gaɓar da ƙarfi sau ɗaya. Idan karaya ce, sai ƙarti su riƙe majiyyaci, maɗori ya ja ya daidaita bakin ƙasusuwan yana lalube da hannu, ya yi tofi, ya naɗe wurin da tsumma, ya jera tsagin kara ko na gora kewaye da shi ya ɗaure, sannan ya riƙa dawowa bayan 'yan kwanaki yana kwancewa yana gasawa yana sake ɗaurewa. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi ya wallafa littafinsa kan magungunan Hausawa a 1988, ya lissafa maɗori da wanzami da ungozoma cikin rukunan masu magani da jama'a suka sani da sunayensu, kowanne dabam da boka da malami.

Yadda ake gane wanda ya iya

A tsarin gargajiya babu takardar shaida, amma akwai ma'aunai da ba su da sassauci. Na farko shi ne gado: ana tambaya ko mutum ɗan gado ne ko ɗan haye, wato ko ya tashi ya ga ana yin sana'ar a gidansu ko kuwa da rana tsaka ya shige ta, domin ɗan gado ya shafe shekaru yana riƙe ƙafar majiyyaci yana kallon hannun mahaifinsa kafin a bar shi ya taɓa kowa. Na biyu shi ne shaidar jama'a, wadda a ƙauye ba ta ɓuya, tun da wanda aka ɗora ya miƙe yana nan yana noma kowa na gani, wanda ƙafarsa ta karkace shi ma yana nan yana ɗingishi a kasuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Hausawa, kuma ranar kasuwa ce ke yaɗa sakamakon gwajin daga gari zuwa gari. Na uku shi ne zama wuri ɗaya, domin mai gida da iyali a gari ba zai iya ɓata aiki ya gudu ba, saɓanin mai maganin da ke bin kasuwanni. Akwai kuma sharaɗin jinsi, wanda addini da kunya suka ƙarfafa: namiji ke taɓa namiji, mace ke taɓa mace, sai fa a lalura irin ta karaya, inda maɗori kan yi aikinsa a gaban miji ko muharrami.

Fiƙihun Malikiyya da malaman yankin ke karantarwa ya ba waɗannan ma'aunai gindin zama. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni, wato biyan diyyar ɓarna, a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, kuma ma'anar wannan ita ce tun kafin a kafa hukumomin ba da lasisi, shari'a ta riga ta raba tsakanin gwani da mai karambani.

Lada da yadda ake biyan sa

Abin da ya fi bambanta tsohon tsari da na yau shi ne lokacin biya da sunan abin da ake biya. Maɗora da yawa ba sa yanka farashi, saboda imanin cewa baiwa ce da aka gada, kuma ciniki a kanta yana zubar da albarkarta; abin da akan ji daga bakinsu shi ne a kawo abin da ya sawwaƙa. Akan ba da ɗan abin somin-taɓi a farko, kamar goro ko kaza, sannan idan majiyyaci ya taka ƙafarsa a kai babbar godiya gwargwadon hali, mai ƙarfi ya ba da akuya ko riga, talaka ya kai kwanon hatsi ko ya taya aikin gona. Wanzami kuwa yana da gidajen da ya gada daga mahaifinsa, yana yi musu aiki duk shekara, su kuma su ba shi damin dawa ko gero da kaka, ban da kason nama da kuɗin da yake samu ranar suna. Ungozoma ma ranar suna take samun nata, na nama da hatsi da zane da sabulu. Ta haka ladan yake bin yanayin girbi da ƙarfin gida, kuma mai aikin da wanda aka yi wa suna ɗaure da juna shekara da shekaru.

Wannan ma yana da madogara a littattafan da ake karantawa a zaure. Ya tabbata a Buhari cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, aka kuma biya shi da abinci da aka auna da sa'i, ma'aunin da ake fitar da zakkar kono da shi, wanda ya kai mudun Annabi huɗu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta a yi sharaɗi da mai magani cewa sai an warke za a biya shi. Sauyi a yadda ake biyan lada ya fara ne bayan 1903, shekarar da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarta ta cin Kano, domin a shekarun da suka biyo baya kuɗin wuri ya ba da wuri ga sule da kwabo, haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya fataucin ƙafa, noman gyaɗa kuma ya sa kuɗi a hannun manoma. Sannu a hankali damin kaka ya riƙa komawa kuɗin hannu, har aka zo zamanin naira a 1973.

Zuwan likitan gashi

Tausar asibiti ta biyo wata hanya dabam. A Turai, Per Henrik Ling ya kafa cibiyar motsa jiki a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1813, likitan nan na Holan Johan Mezger kuma ya tsara dabarun tausa ya shigar da su aikin likita. A Ingila, bayan da mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta fallasa a 1894 cewa wasu gidajen tausa na Landan fakewa kawai suke yi da sunan suna aikin banza, wasu mata huɗu ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar masu tausa da suka sami horo a wannan shekarar, suka sa jarrabawa da ƙa'idojin ɗa'a, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama ƙungiyar likitocin fisiyo ta Birtaniya a 1944. Abin lura a nan shi ne cewa takardar shaida ta taso ne a babban birni, inda mai neman aiki bai san gidan su mai yi masa ba, wato inda gado da shaidar maƙwabta suka daina amfani.

Wannan fanni ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, aka kafa ƙungiyar masu aikin a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a 1966, sannan Doka ta 38 ta 1988 ta kafa hukumar MRTB mai rajistar masu aikin farfaɗo da gaɓoɓi da ba su lasisi. A Kano an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, kuma Jami'ar Bayero tana horar da masu wannan aiki, waɗanda ke shafe aƙalla shekara biyar suna karatu, su ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. Jama'a ba su wahalar da kansu da sunan Turanci ba, sai suka ɗauko tsohuwar kalmar gida suka ce likitan gashi ko sashen gashin ƙashi, ko da yake aikin ya haɗa da atisaye da na'urori da koya wa mai shanyewar ɓarin jiki ko yaron da shan inna ya taɓa yadda zai sake amfani da gaɓoɓinsa.

Abin da ake biya a yau

Mutumin Bebeji ko Doguwa da ke neman a taɓa masa jiki a yau yana da ƙofofi da dama. Maɗori da ungozoma da wanzami suna nan, kuma haɗurran babura a hanyoyin karkara da na motoci a titin Kano zuwa Zariya ta Kwanar Ɗangora da na Kano zuwa Jos ta dajin Falgore sun ƙara wa maɗora aiki, kamar yadda noman rani da ya bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ya hana jikin manomi hutun da yake samu da rani. Akwai cibiyoyin hijama, wato ƙaho da kofunan roba, da suka yaɗu tare da shagunan magungunan Musulunci. Akwai mata masu gyaran jikin amare da dilka da halawa, sana'ar da ta shigo ta Barno da Sudan, waɗanda ke tallata aikinsu a WhatsApp da Instagram. Sannan akwai likitan gashi, wanda galibi sai an shiga birni ake samun sa.

Farashin waɗannan ba ɗaya ba ne, kuma ba a auna shi da ma'auni ɗaya. Na gargajiya har yanzu yana karɓar ciniki da bashi da biya kaɗan-kaɗan. Mai gyaran jiki tana yanka kuɗinta ne bisa yawan kwanaki da kayan haɗi, tana kuma karɓar kafin alƙalami. A asibiti ana biya kafin a yi aiki, kuma kuɗin kashi-kashi ne: na kati, na hoton ƙashi, da na kowane zama, asibitin kuɗi ya fi na gwamnati tsada, wanda aka kira gida kuma ya fi duka domin an haɗa da kuɗin motarsa. Tun da mai shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar zama da yawa cikin watanni, babban nauyin da ke kan mutumin Riruwai, wanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga birnin Kano, shi ne kuɗin mota na mutum biyu da abinci da masauki da ranakun aikin da aka rasa. Nauyin ya ƙaru bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Wannan lissafi, fiye da jahilcin da akan zargi mutanen karkara da shi, shi ne ke mayar da da yawa wurin maɗorin ƙauye.

Sai dai araha ba ta ado idan aka kai ciwo inda ba a san kansa ba. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa da ɗaurin da ya yi tsanani har ya hana jini gudu, gaɓa ta ruɓe a ƙarshe a yanke ta, musamman a hannun yara. Karayar da ƙashi ya huda fata, da raunin ƙashin baya ko wuya, da gaɓar da ta kumbura tana zafi tare da zazzaɓi, da ƙafar da ta kumbura ita kaɗai saboda gudan jini, da ciwon ƙashin mai sikila, da cikin mai juna biyu, duk wurare ne da matsa da murza ke iya jawo asarar gaɓa ko rai. Haka kuma takardar kwas na 'yan makonni da ake ratayewa a bangon shago ba daidai take da lasisin MRTB ba, kuma majiyyaci yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa lasisin kafin ya kwanta a taɓa shi.

Tsohon tsari ya auna gwani da gado da shaidar maƙwabta ya kuma biya shi bayan an warke, sabon tsari ya auna shi da jarrabawa da rajista yana kuma karɓar kuɗi tun a bakin ƙofa, amma su biyun sun haɗu a kan hukuncin da malamai suka daɗe suna karantarwa, cewa wanda ya taɓa jikin mutum ba da sani ba shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Maɗorin da ya dubi rauni ya ce a wuce da shi Dala bai rage komai daga darajar gidansu ba. Abin da ya rage wa hukumomin lafiya na Jihar Kano shi ne su kai likitocin gashi da na'urar hoton ƙashi asibitocin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin muddin kuɗin mota ya fi kuɗin magani, ƙafar da ta karye a Riruwai a Riruwai za a ɗora ta.